Dutsen da Ya Faɗo Tsakiyar Shanun Yayana

A shekarun da ƙasarmu ta rikice da maganar demokaraɗiyya, ni malamin kimiyya ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a Sokode, ina koyar da ilimin sinadarai. A zango, unguwar Hausawan garin, aka haife ni, a nan kuma nake zaune da matata da 'ya'ya biyu cikin gidan da mahaifinmu ya bari. Mu biyu ne maza a wurinsa. Yayana ya gaji sana'arsa ta fataucin shanu, ya koma Dapaong da zama saboda kasuwannin dabbobi na arewa. Ni kuwa an sa ni lakwal, makarantar boko, don ba ni da ƙwarin bin dabba a ƙafa, kuma yayana bai taɓa barina na manta da hakan ba. Malam yake kirana, da wata 'yar dariya a ƙarƙashin kalmar.

Karatu a lokacin sai dai suna. A buɗe makaranta mako guda, a rufe mako biyu. Ɗalibai su zo da safe, kafin hantsi wani ya busa usur a bakin ƙofa, su fita zanga-zanga su bar mu da alli a hannu. Mu malamai sai mu taru ƙarƙashin mangwaro mu kewaye rediyo, kowa yana auna abin da zai faɗa, don ba ka san wanda ke gefenka ina ya dosa ba.

Cikin wannan hali, bayan ruwa ya ɗauke an fara girbi, direban kamiyo, babbar motar da ke ɗauko wa yayana shanu, ya tsaya a ƙofar gidanmu. Ya ce, "Yayanka ya ce ka zo ka ga wani abu. Ya ce irin abin da kuke so ne, ku 'yan boko."

Na tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau, dutse ne.

Da ana karatu da ban je ba. Amma babu abin da ke riƙe ni, don haka na bi shi a hanyarsa ta komawa. Tafiyar da ta saba cin rabin yini ta ci mana yini guda. Shinge bayan shinge, wani na jandarma, wani na samarin gari da sanduna da tsofaffin tayoyi, kowa yana son ganin takarda, kowa yana duban sunanka don ya gane daga wane ɓangare kake.

Washegari da safe yayana ya kai ni ruga a bayan gari, wurin dattijon Bafillacen da ke kiwon shanunsa. Mutumin siriri ne, mai magana a hankali, Hausarsa ta kasuwa ce, ba ya raba mace da namiji a zance. Ya shimfiɗa mana buzu, matarsa ta kawo nono, sannan ya fara.

"Rana ya ɗan karkata, Malam. Ba hadari, ba iska. Sai na ji tsawa sau uku ta wajen gabas. Na ce shi ke nan, faɗan da ake faɗi ya iso mu. Shanu suka watse. Sai wani ƙara a sama kamar ana yaga sabon zane, abu ya faɗi tim, tsakanina da shi kamar daga nan zuwa ɗorawar can."

Yayana ya ce a ranar har kasuwar gari sai da ta tashi, mutane suka rufe shaguna suna zaton bindigogi ne.

Na tambayi dattijon, "Baffa, da kuka taɓa shi, da zafi?"

"Ba zafi. Ɗumi kawai, kamar jikin saniya."

Ya shiga bukka ya fito da abin a naɗe cikin tsohon buhu. Girmansa kamar kan rago, amma da na karɓa sai da hannuna ya yi ƙasa, don nauyinsa ya wuce girmansa. Jikinsa baƙi ne, da wani siririn ɓawo kamar na tukunyar da ta daɗe a wuta, da 'yan ramuka kamar an danna yatsa a ɗanyen yumɓu. Kusurwa ɗaya ta ɓalle lokacin da ya bugi ƙasa. Cikinsa launin toka ne, cike da ƙananan ƙwayoyi zagayayyu kamar gero, a tsakaninsu kuma wani abu yana ƙyalli idan aka juya shi a rana. Na taɓa ganin hoton irinsa sau ɗaya a wani littafi lokacin da nake jami'a, ban kuwa taɓa zaton zan riƙe shi ba.

Da muka koma gida na ɓalle maganaɗisu daga lasifikar wata matacciyar rediyo, muka sake komawa rugar da yamma. Ina kai shi kusa da dutsen ya manne. Dattijon ya ja da baya kaɗan, yayana kuwa ya yi dariya ya ce, "To, Malam, ka gano ƙarfe. Da maƙeri muka kira da ya gaya mana haka ba tare da ya sha nonon mutane ba."

Na roƙi a ba ni dutsen gaba ɗaya. Dattijon ya ƙi. Ya ce abu ya zo daga sama ya zaɓi makiyayarsa, bai kashe ko ɗan maraƙi ba, ba zai bari ya bar ƙasar ba. Bayan doguwar magana aka daidaita cewa babban zai zauna a gidan yayana cikin gari, ni kuma in tafi da ɓallin, wanda bai wuce dunƙulen hannu ba. Na yi ta jaddada wa yayana cewa kada ruwa ya taɓa shi, kada a riƙa shafa shi, a naɗe shi a busasshen ƙyalle a sa a akwati.

Ya ce, "Na ji. Zan lulluɓe shi kamar amarya."

A makarantarmu akwai wani abokin aikina, malamin ilimin ƙasa da duwatsu, mutumin kudu ne. Ya yi shekara biyu yana karatun duwatsu a ƙasar waje, mahaifinsa ya rasu ya dawo bai ƙarasa ba, aka turo shi Sokode. Yana haya kusa da makaranta da matarsa da 'yan mata uku. Faransanci muke yi da shi, amma shi ma Malam yake kirana, sai dai nasa babu dariya a ciki. Ranar da na ajiye ɓallin a kan teburinsa, bai taɓa shi nan take ba. Ya je ya wanke hannu, ya goge, sannan ya ɗauka.

Makarantar a rufe take a makon, amma mai gadi ya san mu, ya buɗe mana labo, ɗakin gwaje-gwaje. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba, madubin ƙara girma guda ɗaya mai aiki, 'yan kwalaben asid, da wasu ƙananan kwalabe da aka kawo tun kafin a ɗauke ni aiki. Muka goge gefe ɗaya na dutsen da magagari, sannan da takardar da kafintoci ke goge katako, har ya yi sumul. Garin da ya zuba muka tara a farar takarda, na ja ƙarfen da ke ciki da maganaɗisu, na narkar da shi a asid. A ƙasan wata tsohuwar kwalba na sami ragowar sinadarin da ake gwada nikel da shi. Ban yi tsammanin yana da sauran ƙarfi ba. Na ɗiga, ruwan ya juya ja mai haske nan take.

Abokina ya ce, "Shi ke nan. Ƙarfe da nikel tare, tsagwaronsu, cikin dutse. Ka taɓa ganin haka a ƙasar nan?"

Na ce ban taɓa ba. Ƙarfen da na sani a dutse tama ce, irin wadda mutanen Bassar ke narkarwa tun zamanin kakanni, sai an sha wuya da wuta kafin ya fito.

Ya ce dalilin ke nan. Lokacin da duniya ke haɗuwa ta yi zafi har ta narke, ƙarfe da nikel masu nauyi suka nutse tsakiya, abin da ba shi da nauyi ya taso ya zama ƙasar da muke takawa. Duk dutsen da za ka ɗauka daga nan har bakin teku ya narke ya daskare, ya ruɓe ya sake haɗuwa, ba sau ɗaya ba, har babu wanda zai iya gaya maka yadda kayan suke tun asali. Wannan kuwa daga jikin wani ƙaramin abu ya ɓallo, wanda bai yi girman da zai narke gaba ɗaya ba. Shi ya sa ƙarfe da dutse da ƙura suke zaune gefe da gefe a cikinsa yadda aka tara su.

Ya sa ni na leƙa madubin. Ƙwayoyin nan masu kamar gero suka zama manya a idona, wasu da zane-zane a ciki kamar haƙoran mataji, wasu kamar an tara ƙananan lu'ulu'u an ɗaure. Ya ce kowace ɗaya ɗigo ce. Kafin a yi duniyoyi, rana tana jaririya, ƙura da iska mai zafi ne ke kewaya ta. Wani abu ya riƙa narkar da dunƙulen ƙurar farat ɗaya, su zama ɗigo, su huce cikin 'yan sa'o'i suna shawagi, shi ya sa suka yi zagaye, don babu ƙasar da za su kwanta a kai. Na tambaye shi mene ne ya narkar da su. Ya ce masana ma suna ta gardama, babu wanda ya tabbatar.

A rana ta uku ya ga wani abu a gefen da muka goge, ɗan farin tabo wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, ba zagayayye ba, kamar an ɗiga alli. Ya yi ta juya shi ƙarƙashin madubi har wuyansa ya ƙage.

Ya ce, "Ba zan rantse ba. A irin wannan dutsen ba a cika samunsa ba, kuma yana iya zama wani abu dabam. Amma idan abin da nake zato ne, kalsiyum da alminiyum ne a ciki. Su ne ke fara daskarewa idan iska mai tsananin zafi ta soma hucewa, tun sauran abubuwa suna tururi. Babu abin da aka sani a duk kewayen rana da ya girme su. Fiye da shekara biliyan huɗu da rabi, Malam. Sun riga duniya."

Na tuna na fito daga labo a ranar na bi ta kasuwa zuwa gida, masu doya suna kira, masu wagashi, cukun nonon shanu, suna jere da fararen kwanukansu, wasu samari suna gardamar siyasa a bakin shagon tela, ni kuwa kaina yana wani wuri. Na daɗe ban ji haka ba. Tun da na fara koyarwa, duk abin da nake gaya wa yara a littafin wani na karanta, wani ne ya gani, wani ne ya auna. Wannan karon a makiyayar yayana ya faɗo. Na gaya wa matata, ta saurare ni har ƙarshe, ta ce Allah ya sa alheri ne, sannan ta tambaye ni ko an ce yaushe za a koma aji.

Abin da za mu iya yi da hannunmu ya ƙare a nan. Abokina ya ce sai an yanka dutsen siriri har haske ya ratsa shi, sai kuma na'urorin da ke auna sinadarai daki-daki, waɗanda babu su a ƙasar. Ya ce kuma lokaci ba ya jira. Dutsen da aka ga faɗuwarsa aka ɗauke shi a ranar ya fi daraja wurin masana, don akwai wasu alamu da tafiyarsa a sarari ta bar masa waɗanda ke dusashewa cikin watanni, ga kuma damshin iskarmu da ke cin ƙarfen a hankali. Muka rubuta wa tsohon malaminsa na ƙasar waje wasiƙa, muka zana dutsen, muka faɗi wuri da rana da abin da dattijon ya gani. Na kai gidan waya da kaina. Ma'aikacin ya karɓa ya jefa a buhu, ya ce mini gaskiya bai san ranar da buhun zai tashi ba.

Muna jiran amsa gari ya ƙara ɓaci. Aka fara maganar su wane 'yan nan ne, su wane baƙi. Mutanen da suka shekara goma suna sayen nama wurin mahauci ɗaya suka daina gaisawa. Wata safiya abokina ya tarar an yi rubutu da gawayi a ƙofarsa. Ya goge, bayan kwana biyu aka sake. Mai gidan da yake haya ya zo ya same shi cikin ladabi, ya ce shi ba ya korarsa, amma idan wani abu ya taso ba shi da ƙarfin tare kowa. Na ce ya dawo gidanmu a zango da iyalinsa. Ya yi godiya, ya ce ba zai jawo mini abin da ya fi ƙarfina ba, zai kai su Lome wurin 'yan'uwansa, idan ƙura ta lafa ya dawo.

Shi ya kawo shawarar ya tafi da ɓallin. Ya ce a Lome akwai masu fita waje, zai sami wanda zai kai shi hannu da hannu. Na ɗan yi shakka, don ba mu da abin da za mu raba shi biyu ba tare da mun farfasa shi ba. Sai na tuna babban yana Dapaong a cikin akwati. Na naɗe shi a auduga, na sa a gwangwanin madara tare da takardar bayani, na rufe bakin da kakin kyandir. Na raka su tasha da hantsi. Ƙaramar 'yarsa ba ta da lafiya, tana kwance a kafaɗar uwarta. Da motar za ta tashi ya leƙo ta taga ya ce, "Ka kula da babban. In wannan ya ɓata, muna da wancan."

Ba a daɗe ba aka shiga dogon yajin aikin nan da kowa ya zaci na mako ɗaya ne, ya ci watanni. Makaranta ta rufe gaba ɗaya. Na koma noman doya a gonar dangin matata kusa da Aouda, ni da ban taɓa riƙe fartanya da gaske ba, hannuna ya yi kanta ya fashe ya sake yi. Daga kudu labarai marasa daɗi suke zuwa, an yi harbi a unguwa kaza, mutane suna tsallaka iyaka da kaya a kai. Duk wanda ya zo daga Lome sai na tambaye shi abokina. Babu wanda ya san shi.

Damina ta sake faɗuwa. Wata ranar kasuwa a Sokode ina tsaye wurin mai gyaran keke, sai na ji wani ɗan tireda yana nuna wa mutane laya a damtsensa. Ya ce shi yanzu ba ya tsoron hanya, don a cikin layar akwai garin dutsen da ya faɗo daga sama a Dapaong, dutsen da ya ratsa wuta bai ƙone ba, ƙarfe ba ya kama wanda ke ɗauke da shi. Na tambaye shi inda ya samu. Ya kwatanta mini gidan yayana, har da bishiyar da ke ƙofa.

Washegari na kama hanya. Na isa da la'asar, na tarar da mutane biyar ko shida zaune a zaure, direbobi da 'yan kasuwa. Yayana ya rame, gemunsa ya yi fari fiye da yadda na bar shi. Ya ga fuskata ya san abin da ya kawo ni, bai ɓoye ba, ya kai ni bayan ɗaki. Wata tukunyar ƙasa ce cike da ruwa, ruwan ya yi jaja-jaja kamar na kududdufi, da ƙoƙo a bakinta. Na sa hannu na laluba na ciro dutsen. Bai fi ƙwallon mangwaro ba yanzu. Baƙin ɓawon ya tafi, duk jikinsa sawun guduma ne, ya yi tsatsa har ciki, ina murza shi yana marmashewa a yatsuna. Na nemi ƙwayoyin nan masu kamar gero, da ƙyar na gane guda biyu cikin jan ɓarɓashin.

Na ce, "Yaya, me kuka yi haka?"

Ya ce, "Direban da ya je ya ɗauko ka, an harbe shi a wani shinge gaba da Blitta. Ba a san wanda ya yi ba. Matarsa da 'ya'yansa suna cikin gidan nan, ka ji kukansu in ka shiga. Bayan haka babu direban da ya yarda ya hau hanya. Shanu suna nan suna ramewa, masu kiwo suna jira, mahauta suna jira. Wani ya ce a jiƙa dutsen a sha. Na hana, na hana, sannan na bari. Ban karɓi komai a hannun kowa ba."

"Kun san ba ya tare harsashi."

"Ban sani ba, Malam. Abin da na sani, in mutum ya sha yana iya shiga mota ya tafi ya nemo wa iyalinsa abinci. Kai ka ba ni abin da zai sa su shiga mota, in zubar da ruwan yanzu."

Na fara yi masa bayanin shekarun dutsen, da ɗigon da suka huce kafin a yi duniya, da abin da masana za su iya karantawa a ciki. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Wanda ka ɗauka ka tafi da shi, ina yake? Me aka karanta?"

Sai na faɗi abin da bai kamata ba. Muna dawowa zaure, a gaban baƙinsa, na ce jahilci ne ya cinye ƙasar nan, kuma daga gidanmu ya fara. Yayana ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, shi ya riƙa kai mini kuɗin makaranta a keke bayan mahaifinmu ya kwanta ciwo. Ya dube ni, ya ce, "An zuba maka abinci a ciki. Ka ci kafin ka tafi." Ban ci ba. Na kwana a tasha, na bi motar farko. Dutsen kuma na bar shi a bakin tukunyar, don a lokacin gani nake ba shi da sauran amfani.

Na yi ta cewa zan koma in ba shi haƙuri idan hanya ta gyaru. Kafin nan shi ya hau kamiyo da kansa zuwa kudu da shanu, don ya rasa wanda zai aika. Aka tsare su a wani shinge kwana uku cikin rana, ba ruwa, ba ciyawa, fiye da rabin dabbobin suka mutu a cikin motar yana kallo. Ya dawo gida bai yi wata biyu ba ya faɗi a masallaci, ɓarin jikinsa ya shanye. Na je na same shi. Bakinsa ya karkace, yana son magana ba ta fita. Na riƙe hannunsa na ce ya yafe mini. Ya motsa yatsu, amma ban san ko amsa ce ba, don haka yake motsa su ko babu kowa a wurin. Ya rasu bayan kwana tara.

Da aka yi sadakar bakwai, cikin jin kunya na tambayi matarsa dutsen. Ta ce ragowar ta narke a tukunyar tun kafin ya yi tafiyar, abin da ya rage a ƙasa an kwashe an daka an raba. Na tambaye ta labarin dattijon makiyayin, ko akwai wasu gutsattsari da ya tsinta a wurin. Ta ce ya kora shanun da suka rage masa ya tsallaka arewa tun farkon damina, babu wanda ya san rugar da ya sauka. Na je wurin da kaina, na yi yini biyu ina jan maganaɗisu da igiya a cikin ciyawa. An riga an nome filin an shuka dawa. Na samu ƙusoshi da guntun garma.

Aka janye yajin aiki, aka buɗe makaranta. Rabin malamai ba su dawo ba, ɗalibai da yawa sun zama 'yan acaɓa ko sun bi 'yan'uwa ƙetare. An fasa labo lokacin da take rufe, an ɗauke madubin, an bar kwalabe a farfashe. Aka ɗora mini darasin abokina a kan nawa, na riƙa koyar da duwatsu daga littafinsa da ya bari a aljihun tebur.

Wajen shekara guda bayan rasuwar yayana, wata mata mai fataucin atamfa ta neme ni a makaranta, ta ba ni wasiƙar da ta yi datti da yawo. Daga abokina ce, ya rubuta ta watanni da yawa kafin nan, daga wani sansanin masu gudun hijira a ƙetaren iyakar yamma. Ya ce ranar da harbi ya iso unguwarsu a Lome sun fita a ƙafa, shi da jaka biyu, matarsa da goyon ƙaramar. A hanya matar ta gaza, ya ajiye jakunkunan a gefen titi ya karɓi yarinyar. Gwangwanin yana cikin ɗaya daga cikinsu. Yarinyar ta rasu a sansanin bayan mako uku.

A shafi na biyu ya ce wasiƙarmu ta isa. Wani ɗan'uwansa ya kai masa amsar har sansanin. Tsohon malaminsa ya yi murna ƙwarai, ya ce a aiko ko da gutsure kamar kan yatsa ne, zai yanka ya auna, zai kuma sa a rubuta dutsen da sunan garin da ya faɗo kamar yadda ake yi. Abokina ya ce in ɓallo kaɗan daga babban in ba matar nan, ta san inda za ta same shi. Ya ce wannan ne kaɗai abin da yake sa rai a kai yanzu.

Matar ta ce jibi za ta koma. Na yi kwana biyun ina fara amsa ina yagawa. A ƙarshe na rubuta masa gaskiya cikin layi shida, na yi masa ta'aziyyar yarinyar, na kai wa matar a tasha. Ta juya ambulan ɗin a hannunta ta ce, "Ya ce mini akwai ɗan kaya da za ka haɗa." Na ce babu kaya.

Ban san ko ta kai ba. Matar ba ta sake zuwa Sokode ba, shi ma bai sake rubutowa ba. Na tambayi mutanen da suka dawo daga sansanin, wani ya ce ya gan shi yana koyar da yara a ƙarƙashin rumfa, wani ya ce ya ji ya wuce gaba zuwa wata ƙasa, wani ya ce ba shi ba ne. Na ci gaba da koyarwa har na yi ritaya, 'ya'yan yayana biyu suka taso a hannuna, babban yanzu shi ke fataucin shanu a Dapaong.